Filin Manoma da Makiyaya: Dashen Ɓaure, Durumi da Ceɗiya

 

A wannan wata za mu yi magana a kan ɓaure da danginsa. Dalili, takardu biyu ne suka iso mana. Ta farko daga wani manomi na wajen Gabi. Da hannunsa ya rubuta, shekararsa biyu ke nan da fara karatun manya. Ya ce bara, cikin watan Disamba, ya sari rassan ɓaure 6 ya kafa a bakin garkarsa. Yana ba su ruwa safe da marece. Duk suka bushe. Yana tambaya, ko ɓaure ba ya dasuwa ne? Ta biyu daga wata mata ta wajen Safo. An kawo mata tsarabar busasshen ɓaure irin na Larabawa, mai zaƙi kamar dabino. Ta ga ƙananan iri a ciki. Tana tambaya, in ta shuka su, za ta ci irin wannan ɓauren a gidanta?

Za mu amsa duka biyun. Amma mu fara sanin itatuwan tukuna.

Ɓaure, durumi, ceɗiya, gamji, kawuri da shirinya duk dangi ɗaya ne. Ga yadda za ka gane. Ka tsinki ganye ko ka sari ɓawo, za ka ga farin ruwa kamar nono yana fitowa, mai danƙo. Ka fasa ɗiyansu, ƙanana ko manya, cikinsu iri ɗaya ne. Ɓaure na son inda ruwa ke kusa da ƙasa, shi ya sa muke ganinsa a bakin Gulbin Maraɗi, a kewayen tabkin Madarunfa da cikin fadamu. Tsofaffin masu ginar rijiya sun san haka, in sun ga ɓaure tsaye da ganye shar cikin rani, sun san ruwa bai yi nisa ba. Durumi da ceɗiya kuwa itatuwan gari ne. Su ne na ƙofar fada, na bakin kasuwa, na gaban masallaci. A birnin Kano akwai unguwa mai suna Durumin Iya, akwai Ceɗiyar Ƴan Gurasa. A ƙasar Daura akwai gari sukutum mai suna Ɓaure. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ma, Gamji ake yi masa kirari da shi. Ba a sa wa unguwa ko babban mutum sunan iccen banza.

To, kowa ya duba garinsu. Durumi nawa ne a tsaye? A cikinsu nawa ne matasa? Kusan duk wanda muke zama a inuwarsa, kakanni ne suka kafa shi. Mu bedi muka sani, wanda wasu ke kira dogon yaro. Bedi icce ne mai amfani, ba mu raina shi ba. Yana tashi da sauri, yana jure fari. Amma saniya ba ta ƙoshi da ganyensa, yaro kuma ba ya cika ciki da ɗiyansa.

Gaskiya ne jiharmu ta yi ƙoƙari a kan itatuwa. Tun 1975 ake dashe ranar 3 ga watan Agusta. A watan Mayu na 1984, a nan Maraɗi aka yi babban taron ƙasa na yaƙi da hamada. A waɗannan shekarun ne kuma sassabin zamani ya fara yaɗuwa daga yankinmu, wato barin tohon kututture a gona ana gyara shi har ya zama icce. Wani mutumin Ostiraliya, Tony Rinaudo, yana cikin waɗanda suka tura wannan aiki tare da manoma. An ƙiyasta itatuwa kamar miliyan 200 ne suka dawo ta wannan hanya, a fili mai eka miliyan 5 irin ta awon Faransa, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Sai dai sassabin zamani yana raya abin da ke da kututture a ƙasa ne: gawo, kalgo, sabara, magarya, aduwa. Inda ɓaure ya mutu har saiwa, babu abin da zai toho. Ga shi kuma tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya, wajen 1990, gulbi ba ya malala cikin fadama kamar da. Wuraren da ɓaure ke tsirowa da kansa a kan danshi sun ragu. Saura abu ɗaya, mu kafa shi da hannunmu.

Me ya kashe rassan mutumin Gabi?

Ɓaure yana dasuwa, ɗan'uwa. Lokaci ne bai yi ba.

Reshen da ka sara ba shi da saiwa. Ba ya iya shan ruwa. Yana rayuwa ne da ɗan abin da ke cikin jikinsa, kamar matafiyi da guzurinsa. Dole ya fid da saiwa kafin guzurin ya ƙare. Ita kuwa saiwa ɗumi take so. A nan wajenmu, cikin Disamba da Janairu, ma'aunin zafi kan sauko zuwa 12 ko 13 da asuba, wani dare ma ƙasa da haka. Ƙasa mai jiƙa a bakin garka ta fi haka daɗewa da sanyi. Sai reshen ya yi zaune, ba ya motsi. A sama kuma ga iskar hunturu tana tsotse shi dare da rana, yadda take tsage mana leɓe da diddige. Shi ke nan, ƙasa sanyi, sama bushewa.

Sannan ga ruwan safe da marece. Mutum yana ganin alheri yake yi. Amma gindin da bai da saiwa, in ya kwana cikin caɓi mai sanyi, ruɓewa yake. Da ya fara ruɓa gara ta ji wari. Ka tuge irin wannan reshen ka duba, za ka ga ɓawon gindin ya yi baƙi yana saluɓewa.

Lokacin kafa ɓaure, durumi da ceɗiya shi ne ƙarshen bazara zuwa faɗuwar damina, wato daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Yuli. Ƙasa ta ɗauki ɗumi, iska ta juyo daga kudu da laima, itatuwa sun fara sabon toho. Reshe yana da wata uku ko huɗu na ruwan sama a gabansa. Kafin ɗari ya dawo ya kafa ƙafarsa.

Makiyaya, ku saurara da kyau a nan, wannan taku ce. Wane lokaci ne kuke hawa ɓaure da gamji kuna saro ganye? Ba cikin bazara ba, sa'ad da ciyawa ta ƙare, harawa ta yi tsada, shanu suna tashi da ƙyar? To, lokacin dashen ke nan. Reshen da ka saro, awaki sun cinye ganyen, sandar fa? Ana barinta a yashe har mata su kwashe ta zuwa murhu. Wannan sandar icce ce, rami kawai take jira. Makiyayin da ya kafa sanda 3 kowace bazara a bakin mashaya ko gefen burtali, cikin shekara 10 ya kafa 30. Ko rabi suka kama, ya bar wa ɗansa itatuwa 15 na ganyen rani. A ƙasar Habasha, yankin Tigire, inda fari ya fi namu tsanani a wasu shekaru, manoma na kafa ceɗiya da sanda a bayan gida da gefen gona musamman don ciyar da bisashe. Ceɗiyarsu ita ce tamu, ba wata ba ce.

Sai dai a yi sara da hankali. Wasu kan aske icce tas, su bar shi kamar turke. Ba daidai ba ne. In rassa uku ne, sari ɗaya ka bar biyu. Ka fara ɗan sara daga ƙasan reshen, sannan ka gama daga sama, don kada ya ɓalle ya yage ɓawon uwar. Kuma icce yana da mai shi. Na gonar wani, a tambayi mai gona. Na ƙofar fada, a tambayi mai gari. Na dajin gwamnati, kamar Baban Rafi, sai da izinin ma'aikatan gandun daji.

Ga yadda ake kafa sanda

Ka zaɓi uwa mai lafiya. In ɓaure ne, ka zaɓi wanda ka san ɗiyansa manya ne masu zaƙi, ko wanda bisashe suka fi son ganyensa. Abin da ka dasa da reshe, halin uwarsa zai ɗauko, ba ragi ba ƙari. Wannan shi ne babban fifikon reshe a kan iri.

Reshen ya zama miƙaƙƙe, kaurinsa kamar damtsen mutum ko taɓarya, tsawonsa metir 2, wato ya ɗan fi tsayin namiji. Me ya sa dogo haka? Saboda akuya. In ka binne rabin metir, saura metir ɗaya da rabi a sama, tohon zai fito inda bakinta ba ya kai wa da sauƙi. Kuma babban reshe guzurinsa ya fi yawa. Ka sare da gatari ko adda mai kaifi, sara mai tsabta, ba a farfasa bakin ba. Ka cire ganye duka da ƙananan rassa. Kada ka ji tausayin ganyen, shi ne ƙofar da ruwa ke fita. Ka yi alama a gefen gindi tun a wurin, don sanda in ta rabu da ganye, sama da ƙasa kan rikita mutum. Wadda aka kafa a kife ba ta yi.

Kada ka kafa ta ran da ka sare. Ka jingine ta a inuwa kwana 2 ko 3, nonon ya tsaya, bakin saran ya bushe. Ku kula da wannan nonon, kada ya shiga ido, kuma a hana yara wasa da shi.

Rami: zurfi santimetir 50 zuwa 60, kamu ɗaya da ɗan ƙari, faɗinsa ma haka. In ƙasar laka ce irin ta fadama, ka zuba rairayi kamar ƙwarya biyu a ƙasan ramin, gindin ya zauna a kansa, don kada ruwa ya kwanta masa. Ƙasar da ka fitar ka gauraya ta da ruɓaɓɓen taki, wanda ya shekara ya koma kamar ƙasa. Ɗanyen kashin shanu ko na awaki yana ƙona gindi, yana kiran gara. Ka ƙara habɗin murhu tafi biyu ko uku. Wasu kan sa dakakken ganyen bedi ko ɗiyansa saboda gara, yana taimakawa. Ka tsai da sandar, ka mai da ƙasa kaɗan kaɗan kana dannawa da ƙafa. Abin da na ga mutane sun fi yi wa sakaci ke nan. In sandar tana girgiza cikin rami, duk saiwar da ta fito, siririya kamar zare, iska za ta tsinke ta. Haka kuma kada a tura sanda da ƙarfi cikin ƙasa ko a buga ta kamar turke, ɓawon gindin zai kwaɓe, alhali daga nan ne saiwa ke fita.

Kan sandar, inda aka sare, a shafe shi da laka don rana. A yi ɗan gurbi kewaye da gindi, a zuba ruwa bokiti ɗaya ran farko. Bayan nan, in ba a yi ruwan sama ba, bokiti ɗaya duk kwana 4 ko 5 ya isa. Ka tura yatsa cikin ƙasa. In da danshi, bar shi.

Sai shinge. Ƙayar magarya, ta aduwa ko ta bagaruwa, a kewaye da kyau tun ranar. Ba akuya kaɗai ba, jaki yana gwaguyar ɓawo, sa yana susa da sandar, yara suna lilo. Sandar da ba ta da shinge, ka ɗauka ka ba awakin gari sadaka.

Bayan sati 3 zuwa 6 za ka ga toho. A nan kada ka yi saurin murna, kada kuma ka janye shinge. Sanda kan yi ganye da guzurin jikinta tun ba ta da saiwa ko ɗaya. Wadda ta kama da gaske ita ce wadda ta wuce kaka, ta wuce ɗari, ta shiga bazara da ganye. Ranin farko dole a taimaka mata. Ga dabara mai sauƙi: a binne tsohon tulu ko randa mai ɗan tsagu kusa da gindi, bakin yana waje, a cika da ruwa sau ɗaya ko biyu a sati, a rufe da kasko. Ruwan zai riƙa tsatsowa a hankali inda ake bukatarsa. Ruwan alwala da na wanke hatsi ma sun isa su raya durumi a ƙofar gida. Shekara ta biyu ko ta uku, saiwa ta kai danshi, ka huta.

Durumi da ceɗiya sun fi saurin kamawa. Ɓaure ya fi son wuri mai laima, kada a wahalar da kai a kai shi kan tudun jigawa inda rijiya ke da gaba 20.

Akwai wata hanya ga wanda ke son tabbaci, ko wanda mai icce ya hana shi babban reshe. Cikin damina, ka sami reshe mai kaurin babban yatsa, yana jikin uwarsa. Ka zare ɓawo zobe guda, faɗin yatsa biyu, ka kankare santsin da ke kan itacen. Ka dunƙula jiƙaƙƙiyar ƙasa mai taki ko dusar katako a wurin, ka naɗe da leda, ka ɗaure sama da ƙasa. Bayan wata ɗaya da rabi ko biyu za ka hangi saiwa ta cikin ledar. Sai ka yanke daga ƙasan ɗaurin, ka rage ganye, ka dasa a inuwa tukuna. Wannan uwa ce ke shayar da ɗanta har ya yi ƙafa.

Ina za a kafa? Wannan tambaya ta fi ta rami nauyi. Saiwar dangin ɓaure tana tafiya nesa neman ruwa. Tana tsaga bango, tana ɗaga daɓe, tana shiga rijiya. A ba gini da rijiya tazarar taki 15 ko fiye. Kada kuma a sa a tsakiyar gonar gero. Gawo yana zub da ganye da damina ya ba shuka rana, su waɗannan ba sa yi, inuwarsu mai duhu ce, ga tsuntsaye da suke tarawa. Wurinsu shi ne kusurwar gona, bakin hanya, filin makaranta, kasuwa, mashaya da bakin gulbi inda ruwa ke cin gaɓa.

Sannan maganar ƙasa. Mun sani a al'adarmu icce shaida ne. Wanda ya kafa durumi a fili, bayan shekara 30 ɗiyansa za su ce filin ubansu ne, ga iccensa. Don haka mai gonar aro ko ta jingina kada ya kafa sanda a ɓoye. Ya gaya wa mai gona, a gaban mai gari da shaidu. A faɗi na wane ne iccen, wa zai sari ganye, wa zai tsinci ɗiya. A rubuta a takarda. Tun dokar karkara ta 1993 akwai kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo, ana iya kai musu takardar. Ku da kuka iya rubutu yanzu, ba sai kun biya wani ya rubuta muku ba. Na ga zumunci ya lalace a kan icce ɗaya, tsakanin mutanen da kakanninsu suka ci tuwo a akushi guda.

Yanzu maganar iri

Mutane na cewa ba a taɓa ganin furen ɓaure ba. Yana da fure, a ɓoye yake. Abin da muke kira ɗan ɓaure, jaka ce, furanni ɗaruruwa suna jere a cikinta. Ana kuma cewa mai cin ɓaure ba ya tona cikinsa, saboda ƙwari. To, waɗannan ƙwarin ba ɓarna suke yi ba, aiki suke yi. A cikin aji na taɓa sa ɗalibai suka fasa ɗanyen ɓaure a kan farar takarda, dattawa masu furfura suka yi ta leƙe kamar yara.

Ga yadda abin yake. A kan kowane ɗan ɓaure akwai ƴar ƙofa. Macen ƙwaron, wadda ba ta kai ƙwayar gero ba, tana kutsawa ta nan, har fukafukanta su karye. Tana ɗauke da bununi daga wani ɓauren, kamar bununin da muke gani a kan gero. Sai ta barbaɗa shi a furannin, ta yi ƙwai a cikin wasunsu, ta mutu a ciki. Furen da ya sami bununi shi ke zama iri. Bayan ƴan makonni ɗiyanta su ƙyanƙyashe. Mazan ba su da fukafukai, su ne ke huda ƙofa. Matan su kwashi bununi su tashi neman wani iccen da ke da ɗanyun ɗiya. Kwana ɗaya ko biyu kawai suke da shi a duniya. Kusan kowane icce a wannan dangi da nasa ƙwaron, na durumi ba ya yi wa ɓaure aiki. A ƙasar Namibiya masu bincike sun gano iska na kai ƙwaron ɓaure har kilometir 160 cikin dare, kusan daga Maraɗi zuwa Madawa. Duk da haka, in itatuwan yanki suka yi ƙaranci, ƙwaron ba ya samun masauki a kan lokaci, iri ya ragu. Wanda ya kashe ɓaure ɗaya ya rage wa sauran.

A Masar ana dasa ɗan'uwan ɓaurenmu tun zamanin Fir'auna, amma ƙwaronsa babu shi a can. Ɗiyan ba su da iri mai tsira. Dubban shekaru da reshe kawai suke yaɗa shi, daga hannu zuwa hannu.

Mu da muke da ƙwaron, irin ɓaurenmu yana tsira. Jemage da tsuntsaye ne manyan masu shuka shi. Shi ya sa ake ganin gamji ya fito a kan giginya, ko a kogon wani icce, ko a tsagar tsohon bango, ya sauko da saiwa har ya rungume mai masaukinsa. Mai son gwadawa ya tsinci nunannun ɗiya da suka faɗo, ya murje su cikin ƙwaryar ruwa. Iri mai kyau zai nutse, ƙaiƙayi ya taso. A tsiyaye, a shanya a inuwa kwana ɗaya. A gauraya da lallausan rairayi, a barbaɗa a kan ƙasa mai laushi cikin kasko mai huda. Kada a binne, irin ƙanƙane ne, haske yake so. A yayyafa ruwa da tsintsiya, a ajiye a inuwa, kada ƙasar ta bushe ko sau ɗaya. In da ɗumi, cikin sati 2 zuwa 4 za a ga tsiro. In sun yi ganye huɗu a mai da kowane cikin ledarsa, kamar yadda ake yi a pepiniyar, wurin renon itatuwa. Hanya ce mai jinkiri, kuma ba ka san halin abin da zai fito ba. Amfaninta, ƙwarya ɗaya tana ba da ɗaruruwa, ta dace da ƙungiyar gari mai son cika bakin gulbi.

Malama ta Safo, naki ɓauren wani ne daban. Shi ne wanda Larabawa ke kira tin, wanda aka sa wa sura sunansa a Alƙur'ani. Iccensa ƙarami ne, ganyensa a rarrabe kamar tafin hannu. Turkiyya ce ta fi kowace ƙasa noma shi, fiye da tan dubu 300 a shekara, sai Masar, Maroko da Aljeriya. A ƙasarmu ana samunsa a garake na Abzin, wajen Timiya da kan dutsen Bagazan, inda sanyin ɗari ke da tsanani.

Irin da ke cikin busasshen yana iya tsira. Amma ba na ba ki shawarar ki dogara da shi. A wannan ɓauren akwai icce namiji da icce mace. Abin da ya tsira daga iri, kusan rabi maza ne, ɗiyansu ba sa ciwuwa. Matan kuma da yawa sai da ƙwaronsu suke riƙe ɗiya, shi kuwa ba namu ba ne. Sai ki yi shekara huɗu ko biyar kina ban ruwa, ɗiyan suna zubewa ɗanye. Abin da ya dace, ki nemi reshe daga iccen da aka ga yana nuna a ƙasa mai zafi irin tamu, ba tare da ƙwaro ba. Akwai irinsa, shi ne aka fi dasawa a gidaje. Ki tambayi masu garka na Jiratawa da na Maraɗi, ko malamin gona, ko masu zuwa Agadas.

Shi wannan, sabanin namu, cikin ɗari ake yankarsa. Iccen ƙasashen sanyi ne, yana zub da ganye ya yi barci, a cikin barcin ake ɗaukar reshe. A Faransa da Ingila haka suke yi: su yanka cikin sanyi, su adana cikin rairayi mai danshi ko cikin ɗaki, har ƙasa ta yi ɗumi. Reshen ba babba ba ne. Na bara, wanda ya yi ƙwari, kaurin ɗan yatsa, tsawon taƙi ɗaya, santimetir 20 zuwa 25, mai ido 3 ko 4. In daga nesa za a kawo, a naɗe shi cikin jiƙaƙƙen buhu, kada ya sha iskar mota. A sa shi cikin leda ko tsohuwar tukunya mai huda, rairayi kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. A binne shi a bar ido ɗaya ko biyu a waje. A nan ne za ki yi wa sanyi da iska dabara. Ki ajiye tukunyar a jikin bangon da ke kare iskar gabas, inda hantsi ke bugawa. Ki kifa masa farar leda ko gorar roba da aka yanke gindinta, don laima ta zauna. Da dare ki shigar da shi ɗaki ko kusa da madafa. Rana in ta yi zafi ki janye shi inuwa, kada ya dahu cikin ledar. Ruwa kaɗan, danshi kawai. Ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu ya fi Disamba, don ɗumi na tafe. Cikin sati 4 zuwa 6 saiwa za ta fito. Ki rene shi a inuwa duk bazara, ki dasa da damina. Ki yanka 5 ko 6, ba ɗaya ba.

Abu ɗaya ki kiyaye. In a garkarku kun taɓa tuge tumatir ko kuɓewa kuka ga saiwarsu ta yi ƙulli ƙulli, akwai tsutsar ƙasa a wurin, wadda ido ba ya gani. Tana son wannan ɓauren ƙwarai, musamman a ƙasa mai rairayi. Ki nemi wani wuri, ki yawaita taki, ki rufe gindin da ciyawa. In ya ji daɗi, shekara ta biyu ko ta uku za ki fara tsinka.

Mutumin Gabi da sauran masu niyya, a wannan wata ba sara za ku yi ba. Ku je ku ga uwar da kuke so, ku yi magana da mai ita tun yanzu. Ku tara ƙaya kafin a ƙone ta wajen sassabe. Ku ware taki a rami ya ruɓe. Ramin dashen ma ana iya gina shi cikin sanyin nan, ya fi sauƙi a kan ginar bazara. Ku rubuta a littafinku ranar da kuka kafa, da sanda nawa, da irin iccen. Baɗi war haka ku aiko mana da lissafi, nawa suka kama, nawa suka bushe, za mu buga a wannan fili da sunan garinku.

Wata mai zuwa za mu yi magana a kan adana harawar wake da ta gujiya. Sai mun ji daga gare ku.

Malamin yaƙi da jahilci, Madarunfa